Jakar da Limunga Ba Ta Gwada Ba

A ƙauyen Bokwango, can gindin dutsen Fako, duk ɗan dakon da ya san kansa da jakar Iya Limunga yake hawa. Ba wani kyau ne da jakunkunan ba. Tsohon tamfol ne na motocin ayaba, wani shuɗi wani ruwan ƙasa, wani ma da sauran rubutu a jiki. Amma in ka sa bargonka da rigar sanyinka a ciki, ka naɗe bakin sau uku ka ɗaure da roba, to ko sama za ta yini tana zuba a kanka, a bushe za ka tarar da kayanka.

Limunga ba ta tashi da niyyar wannan sana'a ba. Tela ce ta kayan mata, a wurin gwaggonta ta koya a Tiko. Tana da shekara ashirin da uku ta auri Ekema, wani dogon mutum mai yawan dariya da ke ɗaukar wa baƙi kaya zuwa ƙololuwar dutse. A shekararsu ta farko ya sauko wata rana leɓɓansa sun yi baƙi, haƙora na haɗuwa, bargonsa kuwa sai da suka matse shi su biyu. Ledar da ya naɗe shi a ciki ce ta yage a kan duwatsu. Kwana tara ya yi a kwance. Yana tashi ta je tashar mota ta sayo yankin tamfol, ta karya allura huɗu kafin kekenta ya yarda da shi.

Ɗinkin ba shi ne wuyar ba, ramukan allura ne, don ta nan ruwa ke shiga. Wani mai faci ne ya nuna mata yadda za ta yanka robar cikin taya siri-siri, ta shafa gam, ta bi kan ɗinkin ta liƙe. Sai gam ya kwana ya bushe, sannan ta cika jakar da ruwa ta rataya a reshen gwaiba da ke bayan ɗaki, ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta tafi ta ɗora gwaza. In ta sauke tukunya ta dawo ta ga ko ɗigo ɗaya a takardar, farke jakar za ta yi ta sake. 'Yan dako har tsokanarta suke yi, wai ta fi likita tsanani. Mola Njie, aminin Ekema tun suna yara, shi ya fi kowa baki. Yakan tsaya a ƙofa ya ce a taimaka a ɗinka masa wadda zai sa matarsa a ciki, ko ya huta da ruwan maganarta. Limunga takan ce ya kawo kansa tukuna a gwada, in bai yi yoyo ba.

Shekara ashirin da biyu suka yi a haka. Suka haifi 'ya ɗaya, Nalova, suka yi mata karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a Limbe. Ekema ya fara furfura, gwiwa ta fara damunsa, yana ta cewa bana ce ta ƙarshe, zai koma gonar gwaza.

A watan Maris na shekarar da abin ya faru, wasu baƙi huɗu suka zo daga Duwala za su yi tafiyar kwana uku. Da sassafe Ekema ya ɗauko jakarsa ya ga ɓera ya huda gindinta. Limunga ta zauna nan take ta ɗinka sabuwa, ta liƙe, amma gam ɗin ko bushewa bai yi ba motar baƙin ta iso. Ta ce ya bari ta aiko masa da ta wani, ko ya jira ta gwada. Ya karɓe jakar daga hannunta, ya cusa bargo da jar rigar sanyinsa da safa, yana dariya.

"Uwar Nalova, shekara nawa kina wannan aiki? Hannunki ai ya wuce gwaji. Kuma damina da saura."

Ta bi shi har bakin hanya tana cewa kada ya danne ta da kaya mai nauyi, ya ɗora ta a sama. Ya ɗaga mata hannu bai waiwayo ba.

A rana ta biyu dutsen ya rufe ruf. Daga ƙauye ba a ganin komai sai baƙin hadari. Sun wuce ta biyu cikin bukkokin da masu hawa ke kwana ke nan ruwa ya sauko musu da ƙanƙara da iska, a filin da babu itace ko ɗaya da mutum zai raɓa. Da la'asar ɗin rana ta uku aka sauko da Ekema a kan makarar sanduna. Baƙin duk sun tsira, sauran 'yan dakon ma haka. Sanyi ne ya kashe shi, in ji likita.

Njie, wanda suka hau tare, shi ne ya kawo mata jakar. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita, ya juya. Sai bayan an yi jana'iza, mutane sun watse, ta kwance robar. Jar rigar sanyin na ciki, sharkaf, har ta fara wari. Bargon ma haka.

Ba ta gaya wa kowa ba, har 'yarta. Ta cika jakar da ruwa ta rataya a gwaiba, ta zauna a ƙasa tana kallon takardar tun hantsi har rana ta karkata. Ko ɗigo. Amma wannan bai sanyaya mata rai ba, domin yanzu gam ya riga ya bushe. Abin da take so ta sani shi ne yadda jakar take a ranar, kuma wannan babu gwajin da zai nuna mata.

Ta ci gaba da ɗinki, don ba ta da wani abin yi, amma ta zama wata iri. Jakar da a da take gwadawa sau ɗaya, yanzu sai ta yi sau uku. Mutum zai zo yana sauri, baƙi na jiransa, ta ce bai isa ya fita da ita ba sai jibi. Wasu suka gaji suka koma sayen na kanti masu launi da ake kawowa daga Duwala. Daga baya ƙasar ta rikice, baƙi suka ɗauke ƙafa, hawan dutsen ya tsaya kusan gaba ɗaya. Ta rame. A coci ta bar ƙungiyar mawaƙa ta koma benci na baya. Nalova ta yi ta roƙonta ta dawo Limbe, ta ƙi. Njie kuwa tun daga ranar bai sake tsayawa a ƙofarta ba. In sun haɗu a hanya sai ya gaishe ta da sauri ya wuce. Ta ɗauka ya san abin da jakarta ta yi wa amininsa ne, shi ya sa ba ya son ganinta, kuma ta ga bai yi laifi ba.

Shekara shida aka yi. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, matar Njie ta tare ta ta ce mijinta na kwance, ƙirji ya ci ƙarfinsa, kuma yana kiran sunanta. Limunga ta tarar da shi a kan kujera a tsakar gida, an lulluɓe shi da zane a cikin rana, ya ƙanjame har ta kusa kasa gane shi. Ya sa matarsa ta ba su wuri.

Ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya faɗa. Ya ce a ranar shi ne ya fara faɗuwa. Ya bar tasa jakar a bukka don ya rage nauyi, ruwa ya jiƙa shi har ya daina jin ƙafafunsa, ya zauna a kan dutse ya ce shi kam barci zai yi. Ekema ya ja shi ƙarƙashin wani ɗan kogo, ya kwance jakarsa, ya tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ya sa masa rigar da safar, ya naɗe shi a bargon. Shi kuma Ekema ya ce jikinsa da ƙarfi, ya koma ya tattaro baƙin. Bai ƙara samun abin da zai canza ba.

"A bushe suke, Iya," in ji Njie. "Har da ɗumi-ɗumi. Da muka kusa ƙauye na ji ba zan iya shigowa da rigarsa a jikina ba, shi yana kan makara. Na cire na mayar cikin jakar. A jikina suka jiƙe, wajen saukowa."

Limunga ta tambaye shi ko ya san abin da ta zata da ta buɗe jakar. Ya ce ya sani, tun ranar da ya hango ta zaune ƙarƙashin gwaiba.

"Ka sani, Mola, ka bar ni shekara shida?"

Ya fara kuka yana neman gafara. Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa wanda za ta fi jin haushi, shi da ya yi shiru, ko Ekema da ya san yana da mata a gida ya ba wa wani abin da zai dawo da shi da rai. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta gyara masa zanen da ya zame daga kafaɗarsa, ta fita. Tana isa gida ta kira Nalova a waya ta gaya mata komai tun daga ɓeran, kuma a ranar ne 'yar ta fara jin kukan uwarta da ƙarfi.

Njie ya rasu bayan mako uku. Limunga ta dafa kwakoko, wato gurzajjen gwaza da ake turarawa a ganye, da miyar kwakwar manja ta kai gidan makoki, ta taya mata wanke-wanke, amma ba ta bi gawa zuwa kabari ba. Da damina ta kama ta sayar da keken ga wata tela a Bova, ta koma Limbe wurin 'yarta. Idonta ya yi rauni yanzu, ko zare ba ta iya sa wa allura. Tana rainon jikoki biyu, tana kai su makaranta tana ɗauko su. Ta taɓa gaya wa Nalova cewa wasu ranakun tana alfahari da ubanta, wasu ranakun kuma ko sunansa ba ta son a ambata, kuma har yanzu ranakun nan na biyu sun fi yawa.