Daeng Parani, Wanda Aka Hana Wa Kabari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Safar, shekara ta dubu da ɗari da tamanin da bakwai bayan Hijira, Allah ya karɓi ran La Pawelloi Daeng Parani, shugaban jiragen yaƙin ƙasarmu Saweru. Mai shela ya bi kasuwa yana cewa ka rasu a teku, sai ka ce wani masunci ne guguwa ta kife da shi. Ƙarya yake yi, da shi da wanda ya aiko shi. Ƙaninka, Sarki La Tenrisau, shi ya sa aka ɗaura maka dutse aka jefa ka, ranar kuwa teku a kwance take, ko kumfa babu.

Ni ne La Sinrang, matuƙin jirginka tun muna samari. An ce in yi shiru saboda ina da 'ya'ya. To, kai ma kana da su, kuma shirun da ka yi bai hana su zama marayu ba.

Kowa a Saweru ya san ubanka tsohon sarki ne, uwarka kuma mai sayar da busasshen kifi a bakin gaɓa. Fada ba ta taɓa yafe maka wannan ba. In an yi taro, can bakin matakala ake shimfiɗa maka tabarma, 'yan uwanka suna ciki kusa da sarki. "Ɗan mai kifi" suke ce maka a bayan ido, har ma a gaban ido in sun ƙoshi. Ni abin yana ci mini rai, kai kuwa dariya kake yi, ka ce bakin matakala ya fi iska.

Shekarar da shinkafa ta ƙi, kai ka ɗauki jirage ka ƙetare ka samo, ka fara rabawa daga unguwar masunta kafin buhu ɗaya ya hau fada. Shekarar da 'yan fashin teku suka kwashe mutanen ƙauyen gishiri, kai ka bi su har tsibirinsu ka dawo da kowa, har da wata tsohuwa da ta ƙi shiga jirgi sai da akuyarta. Da ɗana La Upe ya faɗa ruwa a mashigar kogi, ni ubansa na fid da rai na ce mu koma. Ka ƙi. Ka sa aka yi ta nitso, kai ma kana yi, har aka samo gawar. Ka ce mini, "Sinrang, uwa ba ta barci sai ta san inda aka kwantar da ɗanta." Da hannunka ka sa shi a rami. Ina tuna wannan yanzu, zuciyata tana tafasa.

Da tsohon sarki ya rasu, majalisar dattawa ta rabu biyu. Mu mutanen jirage muna bayanka, kuma da ka ɗaga yatsa da an gama. Sai ka hau fada, ka cire ɗankwalin kanka, ka zare wuƙarka ta keris, ka yi rawar rantsuwa a gaban La Tenrisau kamar yadda kakanni suke yi, ka ce shi ne iska kai ne ganye, inda ya kaɗa can za ka faɗi. Ranar har kuka ya yi, ya rungume ka yana kiranka yaya. Na ga hawayen da idona, Allah ya isa.

Daga nan Daeng Sitaba ya shigo, surukin sarki, mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafa a yaƙi ba. Tashar jirage yake so wa ɗansa, da duk abin da fatake ke ajiyewa a can, kai kuma kana tsaye a hanya. Ya yi ta zuga sarki: masunta sunan wa suke kira in sun ga jirage? Wa ya ciyar da gari? Mutumin da jama'a ke so haka, me ya rage masa in ba gadon sarauta ba? Mutane suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ban yarda ba. Kunnen da ya ji na sarki ne, bakin da ya yanke hukunci ma nasa ne.

Ga abin da ya fi ƙona ni. Ba a tuhumar mutum da neman sarauta sai in ya cancanci sarauta. Don haka suka kira mai jero asali, ya zauna a gaban majalisa ya jero kakanninka tun daga farko, ya ce jinin sarauta ne a jikinka tsantsa. Abin da suka hana ka tun kana goye, ranar suka ba ka. Kuma tunda jinin sarauta ba ya taɓa ƙasa, kada shinkafa ta ƙi, ba a soke ka da wuƙa kamar talaka. Sai teku. Da sun bar ka a ɗan mai kifinka, da yau matarka We Sompa tana da kabarin da za ta ziyarta.

Da hantsin ranar da za a kai ka teku na same ka a gida kana cin shinkafa da kifi, dogarai suna jira a ƙasa. Na ce, "Daeng, jirgi na nan, ruwa ya cika, iska na bayanmu. Yaran jirgi sun ce ka yi tari kawai."

Ka ce, "Kai Sinrang, ka tsufa hankali bai zo ba. In zare wuƙa gaban jama'a in yi rantsuwa, yau kuma in tsere kamar ɓarawon kaza?"

Na ce, "Shi sarkin ya riƙe tasa?"

"Tasa tsakaninsa da Allah ne. Zauna ka ci, kifin nan ya yi." Ka yi dariya, ka ƙara da cewa, "Ka ji dai yau an yarda ni ɗan ubana ne? Da tsohuwa na raye da ta yi guɗa."

Sannan ka kama hannuna ka ce kada a zare wuƙa ko ɗaya saboda kai, kuma in Juma'ar sabunta rantsuwa ta zo, in jagoranci matuƙa mu hau fada mu yi rawa a gaban sarki. Ka sauka matakala da ƙafarka, ka shiga kwalekwale, har ka gyara wa mai tuƙi zama saboda kwalekwalen ya karkata.

Ina fushi da kai, Daeng, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Ka ɗauki amana ka danƙa wa wanda bai san nauyinta ba, da ya yar da ita kuma ka sunkuya ka ɗauko ka sake miƙa masa. Ka tsare maganarka, ka bar mu da matarka da 'ya'yanka mata a hannun Sitaba. Jarumta ce, na sani. Amma mu ne muke biyan kuɗinta.

We Sompa ta wuni a bakin gaɓa da likkafani a hannu ko ruwa zai dawo da kai, bai dawo da kai ba. Liman ya yi maka salla babu gawa a gabansa. Muna zaman makoki sai ga Sitaba da rakiya, wai ya zo gaisuwa. Ya ce, "A yi haƙuri, ai an karrama shi, mutuwar 'ya'yan sarki ya yi." We Sompa ta ɗago ta dube shi ta ce, "Mun gode, Daeng. Allah ya karrama ka da irinta, kai da ɗanka." Babu wanda ya ce amin da ƙarfi, amma na ga leɓɓa suna motsi.

Juma'a ta matso, an aiko mini har gida. Rabin wasiyyarka zan cika: ba za mu zare wuƙa a kan kowa ba, ba za mu ƙona Saweru ba, ko da yake yaran jirgi suna roƙona. Ɗaya rabin kuwa ka yafe mini. Ba zan yi rawa a gaban wanda ya nutsar da kai ba, kuma babu matuƙin da zai yi. Kakanninmu sun bar mana hanya: wanda aka zubar wa mutunci a gida, ya ɗaga filafilin jirgi ya nemi wata gaɓa. Mun soma loda ruwa da shinkafa. Sitaba ya riƙe tashar, ya ba ɗansa, su zauna su yi gadin igiya.

Allah ya jiƙanka, La Pawelloi Daeng Parani. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa ruwan nan ya zama maka yalwa da sanyi, ya tashe ka cikin masu cika alkawari. Ina miƙa ta'aziyyata ga We Sompa, da 'ya'yanka We Dalle da We Cenning, da dangin mahaifiyarka na bakin gaɓa, da duk wanda ya taɓa hawa jirgi a bayanka. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ga fada kuwa ba ni da gaisuwa, Allah yana gani.

We Sompa da yara suna cikin jirgina. Hanyarmu ta bi ta kanka, Daeng, babu yadda za a kauce. In ka ga inuwar jirage tana wucewa a sama, mu ne. Kada ka ce mu juya, wannan karon ba za mu ji maganarka ba.