Katakon Wuyan Ladi

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Fada ya cire katako daga wuyan ɗalibata Ladi ba. Lokacin ina ƙaramin malami mai aji uku a makarantar mishan, a wani ƙauyen Kambari cikin ƙasar Ngaski. Fada, limamin coci, shi ne manajan makarantar, dattijo ɗan ƙasar Ailan, yana zuwa daga Yelwa duk Talata.

Ga dokar da na kafa. Na farko, ba magana sai da Turanci. Na biyu, wanda ya yi Kambarci a rataya masa guntun katako. Na uku, ya kasa kunne, wanda ya kama ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala uku.

Ran nan kakar Ladi ta kawo mata rogo lokacin tara. Sau uku ta yi mata magana, yarinya ta sunkuyar da kai. A na huɗu ta amsa da Kambarci. Nan take wata 'yar ajinsu ta rataya mata katako, aka yi dariya. Tsohuwa ta kama hannun jikarta ta ce mini da Hausa, "Malam, makarantar da ke hana jika amsa wa kakarta, mun gode. Gida za mu."

Fada na tsaye gefen babur ɗinsa. Ya zo ya cire katakon, ya jujjuya shi.

"Malam Garba, kakana ya rataya irin wannan a ƙasarmu. Duk kalmar harshenmu na gado da ya faɗa a yi wa icen tsaga, da yamma a doke shi. Iyaye ma sun goyi baya, don yara su sami aiki."

Na ce, "To ai ya iya Turanci, Fada."

"Ya iya, bai kuma koya wa 'ya'yansa harshenmu ba. Uwarsa kuwa da harshenmu take addu'a. Ranar da za ta rasu jikokinta na kewaye da ita, babu wanda ya san abin da zai amsa."

Ya miƙo mini katakon. "Ajinka ne."

Na sa shi aljihu. Na ce Ladi ta gaya mini yadda ake ba da haƙuri da Kambarci. Na faɗa a karkace, tsohuwa ta gyara mini sau biyu, sannan ta saki hannun yarinyar.

Ladi ta gama makaranta, Turancinta bai ragu da komai ba. Ku da ke riƙe da aji yanzu, kafin ku kafa doka, ku tuna yaro yana da wanda zai amsa wa a gida.