Tsohon da Ke Jiran Jifa

A tashar mota ta Calamba, direbobi sun cika rumfar Luming mai kofi, ana musun wanda ya fi kowa iya jifa a wasan besbol. Kowa da gwaninsa, na Amurka da na Japan.

Ita Luming idonta na kan wani tsoho da ba ta taɓa gani ba. Siriri ne, hularsa ta koɗe, yatsun damansa uku sun karkace kamar saiwa. Duk sunan da aka ambata sai ya miƙa wuya, ya kuma komawa. A ranta ta ce, wannan akwai sunan da yake jira.

"Teodulo fa?" in ji shi a hankali. "Na gonar rake."

"Wa? Haba Lolo, lokacin da kuke jifa da kwakwa?" in ji wani direba, yana kiransa Lolo, wato kaka. Aka kwashe da dariya, aka koma musu.

Sai tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya ware tafin hagunsa gaban ƙirji, idonsa can nesa, kamar mai jiran a jefo masa ƙwallo. Wataƙila shekaru ya yi yana cafe ƙwallon Teodulo. Wataƙila shi ya binne shi, kuma ban da shi ba sauran mai kiran sunan.

Luming ta bar masu saye suna jira, ta kama shi ya miƙe.

"Lolo, yaya jifansa yake?"

Ya dubi yatsunsa, ya yi murmushi.

"Jawo kujera, 'yata."