Koci ya ce gajiya ce, ashe ƙodata ce

Salama alaikum, 'yan uwa. Wata goma sha ɗaya ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ina raye, ina Gangara wurin Inna.

Ga wanda bai san ni ba, ɗan kokawa ne ni tun ina lise, wato sakandare, a Damagaram. Wani koci a Amirka ya ga bidiyona, ya samo mini karatu kyauta a jami'arsu don in buga ƙwallon ƙasarsu, wadda ake sa hular kwano ana bangazar juna. Ranar da ya kira Inna ina yi musu tafinta, cewa ya yi, "Haruna ya zama ɗana."

A shekarata ta biyu, ana atisaye cikin zafi, cinyoyina suka fara ɗaurewa. Fitsarina ya koma kalar baƙin shayi. Na same shi a ofis na gaya masa.

Ya ce, "Gajiya ce. Kada ka je wurin likitan ƙungiya, zai hana ka wasan farko. Ka sha ruwa."

Na bi maganarsa, don shi ya kawo ni ƙasar.

Bayan kwana biyu na yanke jiki na faɗi ana tsakiyar gudu.

A asibiti likita ta zauna bakin gadona ta ce, "Tsokarka ce ta narke ta toshe ƙoda. Kana da gadon sikila ta ɓangare ɗaya. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya mini ba. Ashe gwajin jinin da suka yi mini satin da na sauka ya nuna haka, kuma koci ya sa hannu cewa ya gani.

Aka sa mini bututu a wuya, aka fara wankin ƙoda. Sau uku a sati, awa huɗu ina kallon jinina yana fita yana komowa. Ruwan shana na yini bai cika kofi biyu ba. Na ji tsoron mutuwa a inda ba wanda ya san yadda ake yi mana wanka.

Koci bai taɓa leƙo ni ba. A sati na uku jami'a ta turo mutum biyu bincike, suka karanta mini bayaninsa ina kwance: wai ban taɓa kai masa kukan wani ciwo ba. Wallahi wannan ya fi bututun ciwo. Daga baya suka soke karatun nawa. Inshora ta biya watan farko ta tsaya, sauran kuwa mutanen masallaci suka ɗauka.

Na ɓoye wa Inna, amma ta gane a muryata. Ta ce, "Ni ba ɗan ƙwallo na haifa ba. In ka iya tashi, taho gida."

A sati na bakwai ƙodar ta farfaɗo. Na cika kwalbar awo da fitsari mai haske, na tsaya ina kuka.

Yanzu duk wata ina zuwa Damagaram gwajin jini. Jiya na taka har gonarmu na dawo ban huta ba. Koci kuwa ban yafe masa ba tukuna. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Alhaji Isa, direban tasi ɗan Maraɗi, da ya riƙa kai ni wankin ƙoda bai taɓa tsuke fuska ba.

Ƙannena masu mafarkin fita wasa waje, ku yi gwajin sikila tun a gida. Duk gwajin da aka yi muku, ku karɓi takardar ku karanta da idonku. In fitsari ya yi baƙi, ku wuce asibiti, kada ku nemi izinin kowa. Kuma duk ciwon da za ku gaya wa koci, ku rubuta masa a waya, don ni da baki na faɗa, ya ce ban faɗa ba.