Abin da Musbahu Ya Ce a Goge

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa a tura masa waƙa a kasuwar Gaya ya san Barau. Dogo ne, mai saurin hawa da saurin sauka, yana zaune a rumfarsa da wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take tashi. Rayuwarsa duk a cikin waƙa take, amma shi kansa Allah bai ba shi murya ba. Ko sallama ya yi sai a ɗauka faɗa ya zo yi. Muryar gidan gaba ɗaya ƙaninsa Musbahu aka bai wa.

Musbahu ne ya yi "Noman Bana", kundin hip hop ɗin da har yau ba a yi na biyunsa ba tsakanin Gaya da Ajingi. A lokacin samari kowa ya saki wando yana kwaikwayon mutanen da ko sunan garinsu bai iya faɗa ba. Shi kuwa sai ya naɗo ƙarar fartanya da ta taɓarya a turmi, ya ɗora su a kan kiɗa, ya zuba magana kamar ruwan Agusta. Ya yi tsadar taki, ya yi tsuntsayen da ke riga mai gona girbi, ya yi saurayin garin Balan da ya tafi Legas acaɓa ya dawo yana dogara sanda. Babu zagi, babu batsa. Mutumin Gafasa ya ji sunan garinsu a cikin sifika, ya gyara zama. Barau shi ya baza kundin nan a wayoyi, kuma wanda duk ya ce bai yi daɗi ba, to ranar sai ya nemi wata rumfar.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Musbahu. A asibiti a Kano, da jikin ya yi nisa, ya riƙe hannun wansa.

"Yaya, in ta Allah ta kasance, ka goge waƙoƙin nan."

"Haba, kai kuwa! Me ka faɗa a ciki ban da gaskiya?"

"Kiɗa ne dai, Yaya. Ban san abin da zan tarar ba. Ba na so ina kwance ana kaɗa ni."

Barau ya ce to. Me zai ce?

Bayan sadakar uku ya buɗe kwamfutar ya goge su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan madannai. Ya goge na wayarsa, ya karya faifan waƙoƙin da ya ajiye. Daga nan ya shiga bin mutane. Duk wanda ya miƙo waya sai ya ce, "Don Allah in kana da na marigayi, wasiyya ce." Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, kowa ya ce an gama, amma ina! Masu adaidaita sahu dai suka koyi rage sauti in za su wuce rumfarsa, su ƙure shi da zarar sun sha kwana. Ya je har Gafasa ya sami Maikuɗi, wani manomi da ba ya huɗa sai da kundin a aljihu. Maikuɗi ya goge a gabansa, sannan ya ce, "Malam Barau, na waya ya tafi. Na baki fa, yaya za mu yi da shi?"

Barau ya hau babur ya juyo ransa a jagule. Yana jin haushin an ƙi bin maganar mamaci, yana kuma jin daɗin an kasa rabuwa da ita, kuma daɗin nan ya fi haushin ba shi kunya.

Gida ɗaya ne a duk faɗin Gaya da aka cika wasiyyar tsaf, shi ne nasu. Mahaifiyarsu, Inna Hansai, dama ba ta taɓa saurara ba. Tun Musbahu na raye take kiran abin surutun banza, ta ce yaro da gonarsa ya tsaya yana magana da sauri kamar wanda aka biyo.

Damina biyu ta wuce. Wata rana bayan la'asar Barau ya same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Barau, na fara manta muryar yaron nan. Fuskar tana nan, amma in na so in ji ya ce Inna, sai in ji shiru."

Barau ya juya zai fita. Ya ce, "Inna, bari in leƙa kasuwa. Yanzun nan zan samo miki, ko a wayar wa."

"A'a. Shi ya ce a goge. Ba da ni za a saɓa masa ba." Ta jima tana juya waken. "Kai dai faɗa min abin da yake cewa a ciki."

Barau ya durƙusa a gabanta. Ba kiɗa, ba komai, ya fara da muryar nan tasa mai kaushi, yana tuntuɓe a inda Musbahu ke gudu. Ya bi taki da tsuntsaye har ya iso waƙar ƙarshe:

"Inna ta surfa, ta daka, ta ce mu ci ita ta ƙoshi,
Na leƙa kwanonta, ruwa ne a ciki."

Hannunta ya tsaya cak a cikin faifan.

"Ashe ya gani," in ji ta. "Ashe har da ni a ciki."

Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce ya sake. Ya sake. Ta rufe ido tana saurare har ya kai ƙarshe, sannan ta girgiza kai a hankali.

"Maganar tasa ce. Amma ba haka muryarsa take ba."

"Na sani, Inna," in ji Barau.