Shehu Ibid, Allah Ya Ji Ƙansa

Shekaru sun ja, ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Wataƙila ma na haɗa Asabar biyu na mai da su ɗaya. Abin da na tabbata shi ne, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, kuma kusan duk 'yan ajinmu na ƙarshe a jami'a a kan Shari'a da dimokuraɗiyya muke rubuta kundin bincike. Malamai suna yajin aiki, laburare a rufe. Sai malamin da ke duba kundina, wanda muke kira Dakta, ya ce mu riƙa zuwa gidansa a Nassarawa GRA duk Asabar. Ya gayyato wata ma'aikaciyar laburarenmu, 'yar Zariya, Madam muke ce mata, ta koya mana yadda ake nuna madogara. Idan Dakta bai sa hannu a kundinka ba, sai baɗi. Mahaifina kuwa ya riga ya gaya wa dangi na gama.

A gareji muke zama, a kan bencin maigadi. Da aka zo kan nawa, Dakta ya buɗe babi na biyu, ya cire tabarau.

"Wane ne Shehu Ibid?"

Na ce, "Yallaɓai, babban malami ne, ina zato."

Ban yi ganganci ba. Duk littafin da na buɗe, a ƙasan shafi sai in ga Ibid. Mai goyon bayan Shari'a ya kafa hujja da shi, mai suka ma da shi. Na ce mutumin da ɓangarorin nan biyu suka yarda da shi ba ƙaramin malami ba ne. Sunan kuma ya yi mini kama da na Larabawa. Gudun rashin ladabi ya sa na ƙara masa Shehu, da na ga har littattafan zamanin Turawa suna ambatonsa, na ƙara Allah ya ji ƙansa.

Benci ya ɗauki dariya. Dakta bai yi ba.

"Ibid ba mutum ba ne. Ma'anarsa, duba littafin da aka ambata yanzu. Kwafa ka yi, ba ka karanta ba. Ba zan sa hannu ba."

Madam ta goge hawayen dariya, ta zaro wasu 'yan takardu daga jakarta. "Haba Dakta, mai kwafa ba ya tsayawa yi wa Ibid addu'a. Ga takardunsa na neman littafi, kafin a rufe laburare sau uku yana tambayarmu littafin Ibid. Ga kuma na mutum huɗu daga cikin masu dariyar nan. Don darasin yau na zo da su."

Dakta ya juya wajenta.

"To me ya hana ku gaya musu, Madam?"

"Mun ɗauka kun koya musu a aji, Dakta."

Sun daɗe suna wannan musu, ni ina tsaye ina jiran hukunci. Daga ƙarshe Dakta ya ba ni mako biyu in gyara. Madam ta zauna da ni da kwafin shafukan littattafan da na duba, tana ɗora yatsa a kan kowane Ibid tana hawa sama har mu iske mai maganar na gaskiya. A nan na gane dalilin da Shehun ke halatta abu a shafi ɗaya ya haramta shi a na gaba. Dakta ya karanta gyaran, ya sa hannu.

Ɗaya daga cikin huɗun nan yanzu yana cewa su uku ne, kuma ba ya ciki. Mai yiwuwa ni na ruɗe. Duk wanda ya zauna a garejin ranar, don Allah ya aiko mini da abin da ya tuna, in gyara.