Tsagar Kawu Bawa

Duk wanda ya zauna Sakkwato farkon zuwan Nasara, in dai yana da kai a wuya, ya san Kawu Bawa wanzami, ƙanen mahaifiyata. Ku da kuka zauna gabansa kun tuna yadda yake fara aski. Zai ciro ɗan sabulun salo daga zabira, ya kewaya da shi saman kan mutum ba tare da ya taɓa ba, ya mayar, sannan ya yayyafa ruwa. In ka ce, "Baba, sabulun hwa?" sai ya ce, "Kanka ya gan shi. Mi kaka so kuma?" Mun tashi mun tarar da sabulun nan, muka yi gemu yana nan.

Aski ɗaya ya yarda da shi a duniya: ƙwal! Wata rana kukun Bature ya zo da almakashi a aljihu, wai a rage masa sama-sama. Kawu ya juya almakashin ya ce, "Wanga ai na maɗunka ne. Kan naka riga ce ko wando?" Kafin kuku ya gama bayani, rabin kansa na ƙyalli.

To ni kuma Allah ya ba ni gashi mai laushi, mai nannaɗewa kamar na ɗan rago, ya kuma jarrabe ni da son a gani. Har man shanu nake shafa masa a ɓoye, astagfirullah. Lokacin ina neman Hajo, ɗiyar Malam Ummaru mai fataucin shanu a Runjin Sambo, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, wanda ya kori samari da kallo kawai. Ana gobe zan je gaishe shi, na ga wani akawu mutumin Ikko ya cire hula, gashinsa a rabe gefe guda, layi fes. Na ce wallahi da irin wannan zan je.

Na zauna gaban Kawu na ce, "Tsaga nake so."

Fuskarsa ta washe. Ya ciro 'yar ƙaramar aska, ya kama haɓata. "Madalla! Ta Gobirawa ko ta Kabawa? Da girmanka dai za ka sha zahi."

Na zabura. "A'a Kawu, ba ta fuska ba! Ta gashi, irin ta akawu!"

Na yi ta kwatance da yatsa. Ya raba gashin da bayan aska, gashi ya nannaɗe ya koma. Ya sake, ya koma. Ya ce, "Wanga gashi bai jin magana, kama da mai shi." Sai na ji ƙarrr, daga goshi har ƙeya.

Na leƙa ruwan ƙwaryarsa. Inna lillahi! Hanya ce sambal ta ratsa tsakiyar kaina.

"Ga tsaga wadda ba ta ruhewa," in ji shi. "Ko jaki da kaya shina wucewa."

Na gaya masa maganar da ɗa bai kamata ya gaya wa kawunsa ba. Ya naɗe zabirarsa. Na bi wanzaman kasuwa ɗaya bayan ɗaya a aske sauran, kowa ya ɗaga hulata sai ya mayar: "Kan da Bawa ya fara, wa zai ƙarasa?"

Haka na je Runjin Sambo, hula danne har gira. A zauren Malam Ummaru na durƙusa, na sunkuya gaisuwa, hula ta faɗi ta gangara har gaban buzunsa. Ya daɗe yana kallon kaina.

"Aikin Bawa ne wanga?"

"Shi ne, Baba."

"Kuma kana zaune har ya kai ƙeya?"

Sai dariya ta ƙwace masa, har yana share hawaye da bakin rawani. Ya ce, "Wanda ya yi haƙurin wanga zai iya zama da Hajo. Ka turo manyanka."

Duk da haka, taurin kai ya sa na daɗe ina canza hanya in na hango durumin da Kawu ke zama. Ranar sunan ɗanmu na fari ni da Hajo, ban aika masa ba, sai ga shi da safe da zabira a kafaɗa. Ya karɓi jaririn, ya shafa ɗan gashin da ya nannaɗe a kansa, ya tsaya. Ya ce a hankali, "Gashin yayata ne sak." Ni ban san fuskar mahaifiyata ba, ina goye ta rasu. Sannan Kawu ya ciro aska, ya yi wa jaririn askin suna.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya haɗa shi da yayarsa a inuwa mai sanyi. Abin da bakina ya faɗa masa kuma, Allah ya yafe mini.